Rim na Huɗu

Malam ya rasu ya bar aiki a tsakar gida, jingine da bango kusa da randa. Rim ne, ƙarfen nan da tayar mota ke zama a kansa. Uku ya gama, suna ƙyalli kamar sabuwar azurfa. Na huɗun ya kankare rabinsa, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai sake tashi ba. Allah ya jiƙansa. 'Yata da ke rubuta mini wannan ta ce in tsaya in share hawaye. Na ce ta ci gaba, ai ba da ido nake magana ba.

Ƙuruciyarsa duka a mayanka ta ƙare, nan Agege. Da ya ajiye wuƙa sai ya sayi wata tsohuwar mota, ya ce da ita za mu je gida sallah, mun gama matsuwa a motar haya. Rim ɗinta irin marar nauyin nan ne da ake kira aloi, duk bakin kwalbati ya gurje su. Mai fenti ya faɗi abin da zai karɓa, Malam ya yi dariya, ya sayo samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, da gwangwanayen feshi ya zauna da kansa. Ni ina tankaɗe ina satar kallo. Me ya sa yake tsoma takardar a ruwa kafin ya goga? Me ya sa gwangwani uku, alhali launi ɗaya ido ke gani? Ban tambaye shi ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Ina cikin takaba ƙaninsa ya zo kan maganar gado. Za a sayar da motar. Ya taɓa na huɗun da ƙafa.

"Yaya, wannan mai ƙazuwar 'yan gwangwan zan ba. Su auna, a narke shi a yi tukunya. Motar a ɗaura mata baƙin rim ɗin sifiya."

"Tukunya? Da ƙafar mota?"

"To da me kike tsammani aka yi tukunyar tuwonki? Tun da aka kawo ki gidan nan taya kike dafa mana."

"Shi ya sa ba ka taɓa rage loma ba," na ce masa. "Bar shi har in fita takaba."

Ya ce ya ji. In ya yi kama da 'yan'uwansa a ɗaura shi, in bai yi ba sai sikeli.

Ni dai ba na so motar Malam ta bar ƙofar gida da ƙafa ɗaya baƙa. Kuma maganar tukunyar ta zauna mini. In dai ƙarfen tukunya ne, ai na fi kowa saninsa. Na ɗebo toka, na yanka lemun tsami, na ɗauko soson ƙarfe. Mai takaba ba ta fita, ba ta ado, ba ta da komai sai hannu da tunani. Na dirje shi lungu-lungu har sauran tsohon fentin ya fita, ya yi haske, na ga ɗankwalina a ciki. Na yi kuka ranar, amma na daɗi.

Sai aka yi ruwa. Da aka ɗauke na fito na tarar ya yi fari-fari, tabo-tabo kamar ƙyasbi a wuya. Na sake dirzawa da toka, tabon ya dawo ya fi na da. Abin ya ɗaure mini kai. Ukun Malam ruwan nan ya doke su, ko gezau.

Akwai mai faci a bakin layinmu, dattijon Bayarabe, a cikinmu ya tashi, Hausa kamar a bakinsa aka yanke mata cibiya. Na aika ya zo, ya tsaya daga ƙofa, aka gangara masa rim ɗin. Ya shafa, ya sansana yatsa.

"Iya, toka? Kai! Kin tuɓe shi tsirara, kin bar shi a iskar Legas. Tukunya kullum tana shan mai, kullum kina wanke ta. Wa zai bi wannan da soso a kan titi?"

Shi ya amsa mini tambayoyin da ban yi wa Malam ba. Ruwan don kada takarda ta cushe ta yi zane ne. A fara da mai kaushi, a ƙare da mai laushi. Gwangwanin farko shi ke riƙe fenti, na biyu launi, na uku garau kamar ruwa, shi ne rigar. Ban iya karanta abin da ke jikinsu ba, amma suna kan taga yadda Malam ya jera su, na farko a dama.

"Daga nesa za ki fesa, ki wuce," in ji shi, "kamar mai turara kaya. Kada hannu ya tsaya."

Na goga da ruwa har yatsuna suka yi laushi. Na girgiza gwangwani, wani abu yana ƙaras-ƙaras a ciki, irin ƙarar da nake ji daga madafa lokacin Malam yana da rai. Wurin fesa azurfar ne na ji kamar tarinsa a bayana. Hannuna ya tsaya, fenti ya taru ya zuba, ya bushe da guntun layi. Na bar shi, na sa masa rigarsa a haka.

Bayan na fita takaba ƙanin Malam ya zo da ɗan gwangwan, da sikelinsa a kafaɗa. Ƙanin ya jera huɗun a rana, ya zagaya, ya tsuguna. Ya ɗora yatsa a kan layin.

"Nan fa, Yaya?"

"Nan hannuna ya tsaya."

Na jira tsiyarsa, ba ta zo ba. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ba ɗan gwangwan haƙuri, ya ce a kira mai faci ya zo da jak.

Motar ta tafi da wanda ya saye ta, ƙafa huɗu farare. Nawa yana baya ta hagu, na bi shi da ido har motar ta sha kwana.

Gwangwanin azurfar yana nan a kan taga, ba komai a ciki sai abin nan mai ƙara. Mai faci ya ce ɗan ƙwallo ne. 'Yata ta hana ni fasawa, wai yana iya tashi da mutum. Nakan girgiza shi dai, ina so in san ko na ƙarfe ne ko na gilashi.