Ranar Sunan 'Yata da Jakar Baba

Ko tsufa ya ɗauke min komai, ba na jin zai ɗauke min ranar sunan 'yata ta fari a gidanmu na Agege, a Legas.

Lokacin Baba bai daɗe da dawowa daga Indiya ba, inda aka sa masa wani ɗan inji a ƙirji mai taya zuciyarsa tura jini. Waya ce ta fito ta cikinsa zuwa wata jaka mai batura da yake ratayawa kamar ɗan makaranta. Ni bokona bai yi nisa ba, amma da yake gida na zo haihuwa, na san kukan jakar nan kamar yadda na san na jaririyata.

Da hantsi an raɗa suna, ana feɗe rago, mata sun cika tsakar gida, Hausa da Yarabanci sai tashi suke. Baba ya leƙo ɗakina.

"Uwata, miƙo min amaryata in ga ko ta dace da ni."

Da ya karɓe ta, hannunsa ya taɓa nawa, na ji shi sanyi ƙalau. Ga gumi a goshi, leɓensa ya yi fari. Jakar ta yi ƙara, ya sa yatsa ya kashe.

Na ce, "Baba, wannan ba ƙarar batir ba ce."

"Ke dai da tsoro! Ɗan jiri ne. Bari baƙi su watse tukuna."

Ya miƙo min ita, ya koma waje. Na zauna, na tashi, na sake zama. Ban san lokacin da na ja mayafi na fita har rumfar maza ba, Gwaggo na bina tana, "Ke maijego, kin haukace ne?" Na tsaya gaban babban wanmu.

"Yaya, in ba ka kai Baba asibiti yanzu ba, wallahi motar haya ta danfo zan tare in kai shi da kaina."

Baba na tsokanata har aka rufe ƙofar motar Yaya.

Da yamma Yaya ya dawo da labari. Likita ya ce zuciyar ta bar bugawa daidai, karkarwa kawai take, injin kaɗai ke riƙe da shi, shi ya sa yake ta dariyarsa. Da an jira baƙi sun watse, da labarin ya canza. Sai da suka sa shi barci suka jona wa ƙirjinsa wutar na'ura, bugun ya daidaita, suka ɗora shi kan magani.

Ranar da aka sallamo shi, abin da ya fara cewa, "Wato kun cinye hantar ragon babu ni!"

Allah ya ƙara masa kwana har yarinyar ta yi wayo, tana zama a cinyarsa suna faɗa kan tsire. Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya shi ne, dariyar marar lafiya ba ta nufin lafiya, kuma gara a yi ta ce min matsoraciya da in yi shiru don kunyar mutane.