Irin Kankanar Inna Tani

A duk shekarun da na yi ina harkar iri a bakin iyakar Jibiya, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da Inna Tani ta ajiye gorarta a gabana. Shekara biyu ke nan bayan babban farin nan na farkon shekarun saba'in. Kuɗin mai ya shigo, samarin ƙauye duk sun tafi birni aikin gini.

Sana'ata a lokacin ba wuya. Nakan sayi 'ya'yan guna da na kankana daga manoman nan da na ƙetare, in haɗa a buhu, in sayar wa 'yan kudu masu miya da masu matsar mai. A wurina iri duk iri ne, mudu kawai nake dubawa.

Inna Tani tsohuwa ce daga wani ƙauye bayan Riko. Ta toshe bakin gorar da toka da tsumma.

Ta ce, "Alhaji, wanga ba na saidawa ba ne. Irin mai gidana ne, Allah jiƙan shi. Shekarar fari kowace kankana ta ƙone, tashi kaɗai ta yi ɗiya. Yarana sun tai Kaduna, ni ko ba ni iya duƙawa. Ka ba wanda zai shuka."

Na ce, "Inna, kin gama magana."

Da la'asar direban motar da ke kwasar buhunana ya matsa zai tashi, buhu ɗaya bai cika ba. Na ɗauki gorar na juye a ciki. Ba mantuwa na yi ba, na ga dai kankana ce. Allah ya sa motar ta riga ta cika, aka bar buhun sai wata kasuwa.

Bayan kwana biyu Malam Isiyaku ya zo, ma'aikacin binciken gona. Aikinsu shi ne bin ƙauyuka suna karɓar iri, kowanne a ambulan dabam da sunan garinsa. Sukan shuka su a ware, sannan su haɗa mai jure fari da mai zaƙi, a fitar da sabon iri. Ya tambaye ni ko na san wata kankanar da ta tsira a shekarar fari. Na gaya masa abin da na yi.

Ya ce, "Alhaji, ina buhun?"

Kwana uku muka yi a kan tabarma muna tsince iri ja mai baƙin gefe, kamar wanda na gani a gorar. Abin da idonmu bai kama ba ya bi buhun zuwa kudu. Malam ya ce kada in yi saurin murna, ɓawo yakan yi ƙarya, iri biyu sukan yi kama ba su haɗa dangi ba. Sai an shuka.

Da ruwa ya sauka muka shuka a wata gona kusa da ƙauyen Kusa, kowane layi da turkensa. Da suka fara fure na ɗauko Inna Tani a mota. Ta bi layukan da sanda tana shafa ganye.

"Wagga ba ita ba ce. Wagga ma guna ce, ba ku jin kaushi?"

Cikin gonar nan duka, shida ta nuna. Nan take Malam ya ɗaure furanninsu da takarda, don kada ƙudan zuma su gauraya su da sauran.

Sannan ta juyo gare ni. "Alhaji, gora guda na ba ka. Ina saura?"

Na gaya mata gaskiya a gaban Malam. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da ka ce ba ka iyawa, da na kai ma wani."

Daga ranar ban ƙara haɗa irin gari biyu a buhu ɗaya ba.

Ku yaran yanzu kuna ba ni labari cewa a ɗakin bincike ana niƙa ɗan ganye, a karanta alamomin gado da ke cikinsa, a san wace kankana ce dangin wace tun kafin ta yi fure. Aiki ne mai kyau, da akwai shi a lokacin da ba mu jira damina ba. Amma ku sani, kafin iri ya kai hannun mai bincike, ta hannunmu yake bi. Wanda dillali ya aika turmi, babu na'urar da za ta karanta shi.