Baƙuwar da Ta Zo Neman Igiya

Shekara ta biyu ke nan damina tana yi mana rowa, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu kusa da Dogo, sai ga mota daga Damagaram ta sauke mana baƙuwa ƴar Japan. Budurwa ce siririya da jaka a baya, Faransancinta bai fi cikin cokali ba. Nawa ma ba abin a zo a gani ba ne, amma da babu gara ba daɗi, maigari ya ce ni ne tafinta.

Jama'a sun taru suna zaton hatsi ta kawo. Ko tiya ɗaya ba ta kawo ba. Ta ratsa su ta je bakin rijiya ta tsaya tana kallon igiyar gugan mahaifiyata.

A lokacin ruwa kullum ƙara nisa yake yi, duk ya sauka sai a ƙara wa igiya tsawo da abin da hannu ya kai. Ta Inna da kaba ta fara, aka ɗaura rama, sai tsohon zane, sai yankin buhu, sai rawanin marigayi mahaifina, har da igiyar wata akuya da yunwa ta kashe. Ni dai kunyar igiyar nan nake ji, ina mushe, wato malamin lakwal guda, uwata tana jan tsumma.

Baƙuwar ta yi mini bayani da baki da hannu. Teku ne ya taso ya shanye garinsu, ya tafi da uwarta da ƙanenta, ko gawa ba a gani ba. Aikinta, ita da wasu matasan ƙasarsu, shi ne tattara abin da bala'i ya bari, a jera a babban ɗaki mutane su zo su kalla. Igiyar nan take so ta rataye ta daga rufi har ƙasa, don nisan da ruwanmu ya nutsa ya kusa tsayin da nasu ya hau.

To, don Allah ta yaya mutum zai faɗi wannan a gaban masu jiran hatsi? Sai na gajarta. Na ce ruwa ya cinye danginta, shi ne take son igiya za ta rataye a ɗaki. Kalma ɗaya na haɗiye, "ta" ɗin "rataye ta", sai jama'a suka ɗauka kanta za ta rataye.

Wuri ya ɗauki salati. Na yi ta gyara magana, babu mai saurare. Maigari ya ce in bar rufa mata asiri, wane mai hankali ne zai ƙetaro teku don ya kalli tsumman igiya?

Kafin la'asar igiya ta ɓace a ƙauyen kaf. Aka kwance awaki suka bazama, biyu suka shiga aji suka cinye mini taswirar duniya tun daga gabas. Shanya ta koma kan danga. Wani tsoho har mazagin wandonsa ya zare, ya wuni yana riƙe da ƙugu. Mata suka koma zuwa rijiya da igiya a ɓoye cikin ƙwarya, da an hango baƙuwar tafe sai wata ta yi tari, a janye guga ko ya cika ko bai cika ba. Tsofaffi kuma suka raba aiki, biyu-biyu suna bin ta har ƙofar makewayi.

Ita kuwa ta ɗauka al'adarmu ce, tana ta ɗaukar hoto tana sunkuyar da kai don godiya. Duk ta sunkuya sai a ce jiri ne, a ruga a damo mata fura, a shekarar da furarmu ruwa ce da aka nuna wa gero. Na ji haushi ƙwarai, ni da nake ɗan gari ban samu ko ludayi ba. Ban kuma gaya mata abin da na jawo ba, don girman kai.

Rana ta huɗu Inna ta kira mu inuwar rumbu, ta ce in tambayi baƙuwar ba kwana-kwana ko da gaske tana tunanin rataye kanta. Na ce wannan abin kunya ne, ai na riga na faɗa kuskurena ne.

"Kai aka kai lakwal," in ji Inna, "amma ni na kalli idonta. Tambaye ta."

Na tambaya ina dariya, ina jira ita ma ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce a shekarar farko bayan teku ya tafi da danginta ta yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba. Yanzu ya ragu. Ragu ta ce, ba ta ce ya tafi ba. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta ranar ba.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko igiyar daga ƙarƙashin gado. Ta zauna tana kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, wani da farce, wani da haƙori. Masu tsawo ta sa wuƙa ta datse, har rawanin mahaifina, babu guntun da ya wuce kamu ɗaya. Ta tura su cikin buhu ta ajiye a cinyar baƙuwar.

"Gaya wa ɗiyata ta ƙulla da hannunta in ta koma. Guda ɗaya a rana, ban yarda da biyu ba. In ya ƙi ƙulluwa ta dawo a koya mata, ina nan bakin rijiya."