Maƙogwaron Motar Yaya

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ranar Laraba, mu huɗu ne a wata warsha, wato garejin gyaran mota, ta hanyar Ƙiblatain a Madina: Baba a kan kujerar ƙarfe da sandarsa tsakanin gwiwoyi, yayana a jingine da motarsa, ni, sai mai warshar, wani Bahaushen Sudan da kowa ke kira Usta. Farkon shekarun dubu da ɗari huɗu na Hijira ne, dabino ya fara ja a bishiya. Zan faɗi abin da ya kai mu can bi da bi, don ba na son labari a hargitse.

Motar tukuna. Ta Amurka ce, mai ƙofa biyu da silinda takwas, gabanta dogo, launinta kore mai duhu kamar na'a-na'ar da ta kwana a shayi. Yaya ya sayo ta a kasuwar gwanjo ta riga ta tsufa. Shi don gudu yake son ta. Ni kuwa abin da na sani shi ne ita kaɗai ce motar gidanmu, ita ke kai Baba Masallacin Annabi ran Juma'a, ni ke tuƙi. Daga unguwarmu, Harra ta Yamma, tafiyar ba wani nisa ga mai lafiya, amma ƙafafun Baba sun gama aikinsu, idanunsa ma sun rufe.

Sai abin da ya lalace. A kowane gefen injin akwai ƙarfe mai baki huɗu da ke karɓar hayaƙi ya miƙa wa salansa, wadda a nan muke ce wa shakman. Usta maƙogwaro yake kiran wannan ƙarfe. Na hagu ya tsage, motar ta koma tatata kamar ana harbi. Juma'ar da ta gabata, da sauran tafiya kafin masallaci, Baba ya ce in tsaya. Ya ce ba zai isa ƙofar Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wannan hargowa ba. Mutum ne da ko dariya muka ɗaga a gida sai ya tuna mana garin wa muke zaune. Ya sauka, na riƙe hannunsa muka ƙarasa a ƙasa, ya kwana biyu ba ya iya taka ƙafa. Ya kuma yanke cewa ba zai sake shiga motar ba sai ya ji muryarta da kunnensa ya yarda. In bai yarda ba, Juma'arsa ta koma masallacin unguwa. Mun san abin da hakan zai yi masa.

Usta ya shimfiɗa buhu ya jera mana iri uku. Akwai tsohon zubin ƙarfe irin nata na asali, daga wurin masu yanka motoci. Akwai gajerun bututai. Sai dogaye, huɗu-huɗu a nannaɗe kamar saiwar bishiya, tsawonsu ɗaya, suna haɗuwa can ƙasa a baki guda.

"Ɗora mata dogayen nan ka ga ta tashi sama," in ji Yaya.

"Ta tashi ta bar cikinta a duwatsun Harra," na ce. "Dogayen nan ƙasa-ƙasa suke zama, lungunmu kuma ba kwalta. A mayar mata da irin nata."

"Ya Usta, ka ga ƙanen nan nawa? Da furfurarsa aka haife shi. Ko jaki ya hau sai ya ba da sigina."

Usta ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ku biyun nan ba ku ne masu saye ba. Ga mai saye nan zaune. Baba Alhaji, ina da motocin mutane a tsakar gida, kowacce da irin nata maƙogwaro. Zan tayar muku ku ji."

Ya tayar da ta farko, mai zubin ƙarfe. Baba ya karkata kai ya ce, "Wannan da baki a rufe take magana, kamar mai fushi da miji." Ya tayar da mai gajerun. Tun kafin ta daidaita Baba ya ɗaga sanda: "Kashe, ɗana. Haushi take yi."

Ta ukun wata baƙar mota ce can ƙarƙashin rumfa, mai dogayen bututai da babban shakman. Usta ya murɗa makulli ya fito ya bar ta tana numfashi ita kaɗai. Muryarta ba a kunne take sauka ba, a ƙirji. Dum, dum, dum, a jere, ba gaggawa. Shayin da ke kan benci ya riƙa yin zobe-zobe a cikin kofi. Rana ta ratso ta hujojin kwano, ƙura na yawo a cikinta a hankali, tattabarun da ke kan katanga ko motsi. Na kalli Baba na ga ya saki sandar ta jingina da kafaɗarsa. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba, ni da ba na rabuwa da agogo.

Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Jirgin Sawakin ne."

Sai ya ci gaba.

"Ina yaro. Tun daga ƙasar Hausa muke tafe a ƙasa za mu aikin hajji, mu yi noma nan, mu yi ɗinki can, ƙanwata ta rasu a hanya. Da muka shiga jirgin ruwa a Sawakin, bakin tekun Sudan, sai uwata ta kwantar da ni a kan katako. Na sa kunne na ji wani abu yana bugawa a ƙarƙashi, haka ɗin nan. Na ce mata wa ke daka a cikin teku? Ta ce in yi barci, ana kai mu ne. Ranar na fara tafiya ba da ƙafata ba."

Mu 'ya'yansa a Madina aka haife mu, mun sha jin labarin hanya, amma wannan ba mu taɓa ji ba.

Yaya bai iya haƙuri ba. Ya zura ƙafa ya taka totur, motar ta yi wata irin gurnani, tattabaru suka watse.

"Wannan kuma fa?" in ji Baba.

"Ƙafar babban ɗanku ce," in ji Usta.

"To ashe laifin ba na maƙogwaro ba ne." Ya laluba sandarsa. "A sa mata dogayen. Amma da sharaɗi. Da an hango koriyar ƙubbar Masallacin Annabi, ƙafa ta bar totur. Ta tafi da numfashinta."

Na sake kawo maganar duwatsu. Usta ya ce zai ɗage su gwargwadon iko, ya kuma kare wayoyi daga zafi. Yaya ya ce, "Halas, shi ke nan, an kayar da kai." An kayar da ni, kuma sau biyu daga baya dutse ya lotsa bututun, ina nan a kan bakana game da wannan.

Alhamis aka wuni ana ɗaurawa. Da yamma Yaya ya fita da ita hanyar Khaibar ya sauke abin da ke ransa. Ban bi shi ba.

Juma'a na wanke ta, na buɗe wa Baba ƙofa, na gyara masa gefen riga. Na tayar. Ya ɗora tafin hannu a jikin ƙofar ya saurara, sannan ya ce, "Mu je." Muka gangara daga Harra. Da ƙubba ta bayyana tsakanin gidaje na ce, "Baba, ga ta." Na ɗauke ƙafa. Motar mai canja giya da kanta ce, sai ta ci gaba da rarrafe. Masu tafiya a ƙasa suka riƙa wuce mu da darduma a kafaɗa, wasu na leƙen wannan ƙatuwar mota mai tafiyar hawainiya. Baba ya jingina kai da gilashi, leɓɓansa na motsi, jikinsa na ɗan lilo kamar wanda ruwa ke ɗauke da shi.

Haka muka yi kowace Juma'a har Allah ya karɓi abinsa. Bai sake neman sauka ba. Abu ɗaya ne ke dawo da shi daga inda yake tafiya, hon ɗin masu tasi a bayanmu. Sai ya zabura, ya tambaye ni ko mun iso.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In Allah ya kawo ka Madina kana tuƙi, ka tarar da mota a gabanka tana jan jiki da tsoho a ciki, kada ka danna masa hon. Bi shi a hankali har ya sauka.