Fankon Ledar Tamowa

Kafin in zama abin nuni a unguwar Umarari, ni direban keke napep ne, kuma ba yabon kai ba, mutumin kirki ne ni. Da safe in kwashi mahauta zuwa Kasuwar Shanu, da yamma in dawo da cefanen tsohuwata. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ku matasa, ku riƙe wannan, don kada ku zaci da baƙin hali ake haihuwar ɓarawo.

A wani kango kusa da gidanmu akwai Falmata, 'yar gudun hijira da aka kashe wa miji a ƙauyensu. 'Ya'yanta huɗu, kuma autar, Yagana, tamowa ta kama ta, wato ciwon yunwa. Ta rame har kuka ma ba ya fita sosai. Ni na fara ɗaukarsu kyauta zuwa wani ƙaramin asibiti na masu agaji, inda duk mako ake ba yara irinta wani abinci mai gyaɗa da madara a cikin 'yan ledoji. Mutane abincin ma tamowa suke ce masa. Dokar wurin ɗaya ce: sai uwa ta dawo da fankon ledojin makon jiya, shaidar yaro ya shanye, sannan a ba ta sababbi. Cikin ɗan lokaci Yagana ta fara zama da kanta.

Ina da amini mai shago a Abbaganaram, Ya Bukar nake ce masa don ya girme ni. Kwano ɗaya muke ci. Shi ya nuna mini cewa abincin nan yana da kasuwa, manya na saye suna shafa wa burodi. Na ce ai iyaye ba za su sayar ba, tunda ana karɓar fanko. Ya yi dariya, ya ce dama kaina bai taɓa ja ba. Duk wanda ya saya a shagonsa a nan zai matse ya bar ledar. Aikina kawai in kai wa mata fankon da ɗan kuɗi, in karɓo cikakku. Asibiti ya ga leda, uwa ta samu na masara, kowa ya huta. Da na nuna tsoro, ya dafa ƙirji ya ce in ta ɓaci shi ne a gabana. Ashe ingiza mai kantu ruwa yake yi mini.

Da Falmata na fara, don ita ce ba za ta yi mini musu ba. Na ce mata rabi ya ishi yarinya, sauran ukun ma ai ciki gare su. Ta dubi yaran, ta miƙo mini rabin ledojin. Daga rabi aka koma kusan duka. Daga Falmata na bi kango kango. Na sauya waya, na fara cin tsire kullum, tsohuwata tana ta sa wa sana'ata albarka.

Ma'aikaciyar jinyar wurin, Sista Rifkatu, ita ta fara zargi. Ledoji na dawowa cif, amma in ta auna damtsen yara sai ta ga baya suke yi. Ta tambayi Falmata, Falmata ta rufa mini asiri. A makon ne gudawa ta kama Yagana, kuma jikin da babu komai a cikinsa bai iya jurewa ba. Ni na ɗauki gawar a kekena zuwa gida, da fankon ledoji a ƙarƙashin kujerar da uwarta ke zaune.

Da bincike ya tashi, Ya Bukar ya kawo katan-katan na abincin nan ɗakina, wai in adana masa kafin abin ya lafa. Washegari ya dawo da 'yan sanda, shi ne a gaba yana nuna musu ƙofa. A kotu ya rantse cewa ya daɗe yana yi mini nasiha. Na kira sunansa, ko waiwayowa bai yi ba. Wallahi wannan ya fi hukuncin alƙali yi mini ciwo.

Na yi shekaruna a gidan yari ina tafasa. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarin amanar da Bukar ya ci. Har yau yana shagonsa, ana gaishe shi da girma, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa zuciyata ta huce ba. Tsohuwata ta rasu ina ciki. Abin da ya ƙara karya ni shi ne labarin da na ji, cewa wasu 'yan kasuwar unguwarmu da ke haɗa abinci suna kai wa 'yan gudun hijira sun daina, wai tunda sacewa ake yi.

Da aka sake ni, na nemi Falmata har na same ta tana wankau a wani gida. Na durƙusa na roƙi gafara, amma saboda rashin kunya sai na soma ba ta labarin yadda Bukar ya yaudare ni. Ta bari na gama, hannunta a cikin kumfa.

"Ni ban san Bukar ba," in ji ta. "Kai na sani. Kai ka fara kai mu asibiti ba ka karɓi komai ba. Da ba ka yi mini alheri ba, da ban ba ka abincin 'yata ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake roƙo ba. Na tuba ga Allah, yanzu dako nake yi, kuma ina tsoron ranar da zan haɗu da yarinyar nan.

Ku masu bayarwa, don Allah kada irina su sa ku rufe hannu. Na ga abin da 'yar leda ɗaya ke yi wa yaron da ya kusa tafiya. Ku bayar, ku kuma bi sawu ku ga ya isa. Ku kuma matasa, duk wanda ya ce muku kayan agaji ba su da mai shi, ƙarya yake yi. Wanda na ci yana da mai shi, sunanta Yagana, kuma ko tafiya ba ta fara ba.