Rantsuwar Rayis Shadli

Duk wanda ya taɓa shan shayi a tasharmu ta jiragen kamun kifi ya san shugaban jirgi Rayis Shadli, ko yana so ko ba ya so. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga murya kamar ana jan kwano a kan siminti. Shekara arba'in yana teku, in dai maganar tarun kifin tuna ce, daga nan har garin Kilibiya babu mai ja da shi. Aibinsa ɗaya: ba ya zama minti goma bai kawo zancen karen teku ba, wato ƙaton kifin nan farin shak da ya cinye hannun ƙanensa Lasad.

Shekara ashirin da biyu ke nan da faruwar abin. Ana cikin jan taru, Lasad ya sauka gefen jirgi da igiya ɗaure a ƙugu don ya warware inda ya sarƙe, Shadli na riƙe da ɗaya bakin igiyar. Abin da ya gaya wa gari shi ne kifin ya yi tsalle ya fizge Lasad. Abin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa, shi ne sakin igiyar ya yi don ya kunna taba, Lasad ya zame ya faɗa ruwan da ya rine da jinin tuna. Aka tsamo shi babu hannun hagu. Tun ranar Shadli bai ƙara kai taba bakinsa ba, mutane suka ɗauka alhini ne. Kunya ce wallahi, irin wadda ke sa ya kau da kai duk lokacin da ƙanensa ke fama da maɓallin riga.

Sai ya ɗora wa kifi laifin gaba ɗaya. Ya rantse a gaban jama'a sai ya ga bayanta, don shi a wurinsa mace ce, wai a ƙarƙashin duwatsun tsibiri take zaune tana jiransa. Munsif mai shayi kan tsokane shi ya ce, Rayis, yau budurwar taka ta leƙo kuwa? Shi kuwa Lasad, da ya koma gyaran taru da hannu ɗaya da yatsun ƙafa, bai taɓa tofa nasa ba.

Bana, da kifayen tuna suka fara wucewa, sai ga shak ya faɗa tarunsu da ransa. Mu a nan, tun kakanni, yanke taru ake yi a sake shi, don baƙo ne mai bin sawun tuna, kuma ba a kashe baƙo. Hukuma ma ta hana. Mutanen jirgin har sun zaro wuƙaƙe, Shadli ya ce kada wanda ya taɓa, ita ce, ya gane ta. Ya ɗauki mashi ya yi ta suka har ruwan ya daina motsi.

Ai kuwa tasha ta cika maƙil. Shadli ya ɗora ƙafa a kan gawar ana ta ɗaukar hoto, ya aika a kira Lasad ya zo ya gani. Wasila ce ta riga isowa, 'yar Lasad ɗin, wadda ke aiki da masu binciken teku. Ta gaishe da baffanta, ta tsuguna ta auna kifin, sannan ta ciro wata 'yar na'ura mai lamba daga gindin ƙayar bayansa. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce wata takwas da suka wuce aka maƙala masa ita a ruwan Sisili, kuma irinsu ba su da gida, akwai ma wanda aka bi sawunsa daga Afirka ta Kudu har Ostireliya ya dawo. Sannan ta ce, "Baffa, wannan namiji ne. Kuma bai fi shekara goma ba. Ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Baba ya rasa hannu."

Wani ya yi dariya daga baya, Munsif ya harare shi. Shadli ya sauke ƙafarsa a hankali. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ga jini ya bushe masa har gwiwar hannu, ya rasa inda zai ɓoye hannuwan.

A haka Lasad ya ratso mutane. Ya daɗe yana kallon ramukan mashin, ya shafa fatar kifin, sannan ya matso dab da kunnen yayansa.

"Yaya, ina kallonka lokacin da ka saki igiyar. Kafin a kai ni asibiti na yafe maka. Shekara ashirin da biyu ina jira ka zo ka tambaye ni, sai ka tafi neman kifi."

Sannan Lasad ya nuna gawar da haɓa.

"Ni dai nawa ya wuce. Wannan fa, wa za ka roƙa?"