Hannun Mai Auren Lemu

Sun sallami yayana daga gonar renon lemu ranar da wuƙa ta fara suɓuce masa. Ko sannu babu.

Tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya tsaga jikin ƙaramin dashe, ya cusa ido, wato ɗan tohon lemu mai kyau, ya naɗe da zaren leda. Aure ake ce wa aikin, shi ya sa abokan aikinsa ke kiransa Liman. Yakan ce duk auren da ya ɗaura, babu wanda ya taɓa zuwa gaban alƙali.

Na sha kai masa abinci, na ga wurin da idona. Ɗaki ne na raga, ko ƙuda ba ya shiga. Ni ma a ƙofa ake tsayar da ni, wai kada takalmina ya kwaso wa dashe cuta. Can ciki ga Yaya a kan ɗan benci, bokitin magani a gefensa. Doka ce, kafin ya taɓa kowane dashe sai ya tsoma wuƙa da yatsunsa a ciki. Safar hannu ba ta yi, don da kan yatsa ake jin ko ido ya zauna. Zaren ledar kuwa a baki yake riƙe shi, da jiƙaƙƙen hannun nan yake zarowa.

Fatar yatsun ce ta fara saɓulewa, sai farce, sai karkarwa. Da matarsa ta yi magana, ya ce ta bari, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yanzu ita ke saka masa maɓallin riga, shi kuma ya kawar da kai yana kallon bango.

Likita ya ce sai ya san abin da ke cikin bokitin, in ba haka ba lalube kawai yake yi, ciwon kuma hawa yake. Yaya bai sani ba. Daga wata jarka marar rubutu ake tsiyayo musu.

Na je wurin manaja. Ya bar ni a tsaye, ya ce haɗin sirrin kamfani ne.

"Baiwar Allah, duk dashenmu lafiyarsu ƙalau, je ki tambaya."

Na ce masa ni ba dashe na zo gaisarwa ba.

To, ku masu gonar, da ku nake. Karkarwar ta kai kafaɗa. Ku riƙe aikinku, ku riƙe sirrinku, ba lemu zan dasa ba. Ku faɗa wa likita abin da ke cikin jarkar nan, tun yayana yana iya kai loma bakinsa.